Rahoton kwamitin gyaran kwatar layinmu a Agege

Assalamu alaikum. Iyayenmu malamai, dattawan unguwa, 'yan kasuwa, iyaye mata da matasa, kwamitin da kuka ɗora wa gyaran kwatar da ta bi ta bayan masallaci zuwa bakin titi ya kammala aikinsa, da yardar Allah. Ga bayanin yadda aka yi, da inda kuɗi suka shiga.

Kowa ya san halin da ake ciki kafin nan. Bangon kwatar ya zube a wurare da dama, kwalbatin mashigar layi ya toshe da yashi da leda, ruwa ya rasa hanya sai cikin shaguna da zaurukan mutane. Daminar Legas kuma doguwa ce: daga Afrilu zuwa Yuli, ta ɗan sarara a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Shi ya sa muka dage a yi aikin cikin rani.

Kuɗin daga hanya biyu suka zo. Kusan kashi biyu cikin uku karo-karon jama'a ne: masu gidaje, masu shaguna, mahauta, 'yan acaba, da abin da aka tara a ranakun Juma'a. Sauran tallafi ne daga ƙaramar hukuma, wanda muka nema a rubuce ta hannun ƙungiyar ci gaban unguwa, da rakiyar kansila. An biya shi kashi biyu, na biyun sai da injiniya ya zo ya duba ginin da idonsa.

Mun karɓi farashi daga 'yan kwangila uku, muka ga ribar da suka ɗora za ta cinye kuɗin kwalbati, sai muka yanke shawarar sayen kaya da kanmu, mu ɗauki birkila da kafinta da leburori a biya su mako-mako. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne farashi. A ƙarshen 2023 muka yi ƙiyasi, bayan an cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, kuɗin tifar yashi da tsakuwa sun riga sun tashi. Sayen siminti kuwa ya faɗo a Fabrairun 2024, lokacin da buhu ya haura naira 10,000, har gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanoni aka yi maganar dawo da shi tsakanin 7,000 da 8,000. A wajen dila ba mu same shi a haka ba. An kawo shawarar a rage kaurin rodi ko a ƙara yashi a kwaɓi, kwamiti ya ƙi. Muka gwammace mu rage tsawon wurin da za a rufe da murfin kankare. Don haka duk bangon sabo ne, kwalbatin sabo ne, amma murfi ya tsaya a gaban masallaci, makarantar allo da jerin shaguna. Ƙarshen layi a buɗe yake, a kula da yara.

Akwai maganar da muka sha ji da ta dame mu, kuma muna so a tattauna ta a fili. Da tallafin ƙaramar hukuma ya shigo, wasu suka riƙa cewa ai wannan na gwamnati ne, ba sai an wahalar da kai da rasit ba, a ɗan ba wane, a ɗan sallami wane. Mutumin da zai tsare ma'aji a kan naira 500 ta masallaci, shi ne zai kau da kai idan an ce kuɗin hukuma. To daga ina hukuma ta samo? Tun Fabrairun 2020 harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa a kan abin da mutum ya saya, kashi 7.5 cikin 100 ne, kuma duk wanda ya sayi katin waya yana biya. Mai gida yana biyan harajin ƙasa da gini, mai shago yana biyan kuɗin izinin sana'a, mai tebur a kasuwa ana yanka masa tikiti. Guminmu ne ya zaga ya dawo. Saboda haka littafi ɗaya muka buɗe wa kuɗin biyu, ba a fitar da ko sisi sai da sa hannun shugaba da ma'aji, kuma kowane buhu yana da rasit.

Wasu kuma cewa suke mu baƙi ne, kada mu cika tambaya. Hausawa sun daɗe a Agege, akwai gidajen da kaka da jika duk nan aka haife su. Legas tana da ƙananan hukumomi 20 da tsarin mulki ya sani, da yankunan raya ƙasa 37 da jiha ta ƙirƙira, kuma kason tarayya da sunan 20 ɗin yake zuwa duk wata. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Wanda ake karɓar haraji a hannunsa yana da hakkin ya san nawa ya shigo, nawa aka ware wa magudanan ruwa. Muna roƙon dattawa su zaɓi mutum biyu masu karatu da za su riƙa halartar zaman kasafin kuɗi a madadin unguwa, cikin ladabi, da takarda a hannu.

Kwatar ta ga damina, ruwa bai shiga shago ko ɗaya ba, alhamdu lillahi. Abin da zai kashe ta shi ne shara. Gwamnatin jiha ta haramta robobin soso na zuba abinci tun Janairun 2024, amma su da ledar ruwa muka fi kwasowa a wurin yasa. Masu abinci, don Allah a tanadi buhu, a jira motar shara.

Ɗan abin da ya rage yana asusun ƙungiya, an keɓe shi don yasa kafin kowace damina. Cikakken lissafi yana manne a allon masallaci, kwafi ɗaya mun kai ƙaramar hukuma. Mai son ganin rasit ya samu ma'aji bayan la'asar ranar Asabar. Allah ya saka wa duk wanda ya ba da kuɗinsa ko ƙarfinsa da alheri.