Rahoton Ayyukan Ƙungiyarmu ta Masu Sikila da Ciwon Suga a Garwa na Shekarar 2025

Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena.

A zaman Disamba ya kamata a karanta wannan rahoto kamar yadda muka saba. Hakan bai samu ba, domin a makon da hunturu ya buɗe sosai yaranmu uku suka kwanta asibiti da ciwon ƙashi, kuma ɗaya daga cikinsu nawa ne. Ku yi haƙuri da jinkirin. Kafin komai mu yi wa mamatanmu biyu na bana addu'a: Baba tela, wanda ciwon suga ya taɓa wa ƙoda, da 'yarmu mai shekara 11 da sikila ta ɗauke a zafin Afrilu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Zaman wata-wata mun yi tara cikin 12, duka a zauren gidan Hajiya shugaba da ke Yelwa.

Yanzu maganar kuɗi, wadda na san wasu ba sa son jinta. Mu 64 ne a littafi, kowa sefa 500 a wata. Da kowa ya sauke nauyinsa, da asusu ya ga sefa 384,000 a shekara. Abin da ya shigo hannun ma'aji 151,500 ne. Mutum 17 kawai suka biya wata 12 cif, kuma yawancinsu zawarawa ne da masu tuyar ƙosai. Akwai mutum 20 da ko dala ba su ba da ba tun Janairu. Na buga waya, na aika saƙo a WhatsApp, na hau mashin da kuɗin aljihuna zuwa unguwannin Lopere da Jambutu. Wani gida sau uku na je, kullum sai a ce mai gidan ya fita. Kun ce zuwa da kuɗi a hannu na da wuya, muka buɗe hanyar turawa ta Orange Money da MoMo, duk da haka shiru. Wanda ba shi da hali mun san shi, kuma dokarmu ta yafe masa tun farko in ya zo ya faɗa wa shugaba. Maganata da masu halin ce.

Wannan shi ya kashe asusun magani, ba wani abu ba. Na ji ana cewa kwamiti ya yi alƙawari bai cika ba, don haka bari in fayyace. A farkon shekara mun yanke cewa za mu riƙa saya wa yara shida masu sikila Hydrea, mu haɗa musu da maganin ƙarin jini. Hydrea magani ne da ake sha kullum a ƙarƙashin kulawar likita, ana auna jinin yaro lokaci-lokaci, kuma sai an yi watanni ana sha kafin a ga tashin ciwon ya ragu. Ba a fara shi yau a yanke gobe. Mun saya daga Fabrairu zuwa Mayu, kuɗi suka tsaya. Muka zauna muka duba, muka ga gara mu riƙe yara biyu da ciwonsu ya fi tsanani har ƙarshen shekara da mu raba wa shida abin da ba zai kai ko'ina ba. Ni aka aika in gaya wa iyaye huɗu cewa an cire 'ya'yansu, kuma har yau ban manta fuskar ɗaya daga cikin uwayen ba. Mun nemi taimako wajen 'yan kasuwa biyu, dukansu tambayarsu ɗaya: ku nawa kuka tara? Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Rasit ɗin kowane kwali yana wajen ma'aji, duk mai shakka ya je ya duba.

Azumi ya faɗo a watan Maris, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40. Kafin a ga wata mun gayyato malami da ma'aikaciyar jinya, suka yi bayanin rangwamen da Allah Ya yi wa marar lafiya a Suratul Baƙara, da haɗarin ƙishirwa ga mai sikila da faɗuwar suga ga mai allurar insulin. Duk da haka samarinmu biyu sun ɗauki azumi a ɓoye, ɗaya sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce abokansa ne ke cewa ƙato da shi yana shan ruwa da rana. Ciwon da ido ba ya gani haka yake sa mutum ya zaɓi gadon asibiti a kan gori.

To, alhamdu lillahi, bana akwai abin da ya wanke mana zuciya, wato taron Ranar Sikila ta Duniya. Ranar 19 ga Yuni ce, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2008, amma da yake ta faɗo Alhamis sai muka ɗaga zuwa Asabar don 'yan makaranta da ma'aikata. Da asuba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ni kam na fitar da rai. Wajen ƙarfe tara gari ya washe. Kujeru 80 muka yi haya, kafin sha ɗaya sai da aka shimfiɗa tabarmi. Jauro ya zo da kansa, limamai biyu suka zo, har da wani fasto da ya taho da matasan cocinsa. An yi bayani da Hausa da Fulatanci, ƙanenmu malamin makaranta yana taƙaitawa da Faransanci.

Ma'aikaciyar jinyarmu ta zo da lauje na gaske da guntun tiyo. Ta zura duwatsun wasa masu zagaye a cikin tiyon, suka fita sumul. Sannan ta zura lanƙwasassun wayoyi masu siffar laujen, suka maƙale a tsakiya. Ta ce haka jinin mai sikila ke yi a jijiya, inda ya toshe nan ciwo ke tashi, kuma sanyi da ƙishirwa da zazzaɓin cizon sauro su ke tayar da shi. Ta ƙara da cewa ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kusan kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa yaron ke gajiya, idonsa ke yin ɗorawa. Wurin ya yi tsit.

Bayanin gwajin aure shi ya fi jan tambayoyi. Idan AS, wato mai ɗauke da gadon sikila a jini ba tare da ciwon ba, ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai ciwon sikila. Kowane ciki daban, ba wai in an haifi ɗaya sauran uku sun tsira ba. An kuma ja kunnen mutane cewa gwajin Emmel yana nuna akwai S a jini ne kawai, ba ya raba AS da SS, don haka a nemi elektiroforez, gwajin da ke raba su. Wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce 'ya'ya biyar ta binne, duk dangi suka ce wabi take yi, har huda kunnen na shida aka yi. Ta tambaya ko wannan ciwon ne. Ma'aikaciyar ta ce ba za ta iya yanke hukunci a kan waɗanda suka rasu ba, amma a kawo jikokin a gwada. Ta kawo su kuwa.

Sai 'yarmu da ke ajin ƙarshe na sakandare ta karɓi makirfo, hannunta na rawa. Ta ce abin da ya fi yi mata ciwo ba ƙashinta ba ne, kalmar raki ce, da "ga ki nan garau, me ke damunki?" Ta ce ta sha shiga aji tana murmushi alhali ji take kamar ana sara mata ƙafa da gatari. Bayan an tashi, wani magidanci ya tsaya a gefen rumfa har jama'a suka ragu. Ya zo ya ce da shugaba, "Hajiya, ni fa dukan yarona nake yi in ya ce ba zai iya zuwa gona ba." Hawaye yake yi. An gwada yaron, SS ne, yanzu uban yana cikinmu, kuma ba a bin sa ko sisi.

A gefe guda an auna wa mutum 93 hawan jini da suga. Waɗanda awon hawan jininsu ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, an ba su takarda su je asibiti a sake dubawa, kuma kusan dukansu cewa suke lafiyarsu ƙalau. Limaman biyu sun yi huɗuba a kan gwajin kafin aure a Juma'ar da ta biyo baya. Godiya ta musamman ga matan da suka kwana suna dama kunun gyaɗa, da samarin da suka kafa rumfa cikin taɓo.

Katin 'yan makaranta bai fito ba. Kun tuna manufarsa: yaro ya nuna wa malami a bar shi ya sha ruwa a aji, ya fita bayan gida ba sai ya roƙa ba, kuma kada a sa shi gudu cikin rana. An gama tsara shi, likita ya yarda zai sa hannu, kuɗin bugawa ne babu. Ban da haka, iyaye 9 kawai suka kawo hoton 'ya'yansu. Wasu sun ce ba sa so a san 'yarsu na da ciwo saboda maganar aure nan gaba. Na fahimci wannan tsoro, ni ma uwa ce, amma malamin da bai sani ba shi ne zai hana ta fita.

Taron ciwon suga na 14 ga Nuwamba shi ma bai yiwu ba. Kowa ya san halin da gari ya shiga bayan zaɓen shugaban ƙasar Kamaru na 12 ga Oktoba, kuma kwamiti bai ga dacewar tara jama'a a lokacin ba. Zaman Oktoba da na Nuwamba ma shi ya cinye su. Abin da muka iya shi ne zagaya gidajen masu insulin, muka nuna musu yadda za su adana shi a ƙaramar tukunya cikin randa mai jiƙaƙƙen yashi idan an ɗauke wuta.

Jerin masu ba da jini har yanzu suna bakwai ne, kuma su ɗin dai ake ta kira. Daren da 'yarmu ta rasu, sai da na kira lamba 14 kafin a samu mai zuwa. Akwai 'yan'uwa da ba ma ganinsu sai ranar da nasu ya kwanta, a kira mu ƙarfe biyun dare, mu tashi mu je, kuma za mu ci gaba da zuwa. In an sallame su sai su ɓace. Mu da muke kukan cewa mutane ba sa yarda da ciwonmu sai sun gan mu a kwance, bai kamata mu yi wa junanmu haka ba. Ranakun da yaro ke tafiya da ƙafarsa su ne ranakun da ake sayen maganinsa.

Kwamiti ya yanke cewa duk wanda ake bin sa fiye da wata shida ya zo ya gana da shugaba da ma'aji kafin azumi, ko ya biya ko ya faɗi uzurinsa, maganar ba za ta fita daga ɗakin ba. Muna kuma neman mutum biyu su karɓi tara kuɗin Lopere da Jambutu, domin ni kaɗai ba zan ƙara iyawa ba. Zama na gaba Lahadin farko ta wata ce bayan la'asar, a gidan Hajiya. Ku taho da katin biyanku, masu yara kuma da hoto biyu-biyu.

Wassalamu alaikum.

Sakatariyarku