Wasiƙa zuwa ga Bashir a Kanada

Birnin Kebbi

Assalamu alaikum, aminina Bashir.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan sai godiya. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe fadama, da asuba sai an ɗora ruwan alwala a wuta.

Na ga hotunan motar da ka yi haya, mai gado da kicin da banɗaki, wadda ka ce za ku kwana uku da ita a Banff. Yarana sun yi ta karɓar wayar suna kallo. Ni kuwa tun ranar hankalina bai kwanta ba. Shekara ashirin ina gyaran firji da firiza, na san ɓarnar sanyi, ga shi wurin da za ku cikin duwatsu yake, tudunsa ya kusa mita 1,400.

Ka tuna kwalaben lemo da ke fashewa a firizar shagona in an manta da su? Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma haka zai yi a bututun motar nan, da famfonta, da tukunyar ruwan zafi. Da dare ba za ka ga komai ba, sai rana ta fito ƙanƙarar ta narke, ka ga ruwa na tsiyaya ta ƙarƙashin kabad. Shawarata, ka tambayi masu motar ko sun juye ruwanta duka sun zuba maganin hana daskarewa. In sun yi, ka bar ta haka. Ku cika jarkoki ku ajiye ciki inda ake kwana, na sha da na girki da na buta. Maganin nan mai ruwan hoda ne, shi ake zubawa a masai da magudanar wanke-wanke. Kada ka kuskura ka sa na lagireto a madadinsa. Wancan guba ne, ga shi da zaƙi-zaƙi, kana kuma da ƙananan yara. In kuwa ka nace sai kun buɗe famfo, ka cire tiyon waje kafin magariba, ka bar ƙofofin kabad a buɗe ɗumi ya kai ga bututu.

Gas ɗin hita ya zama furofen, shi ne ke ci gaba da tashi har wajen digiri 42 ƙasa da sifili. Shi kuwa gas ɗin butan, da sanyi ya kai sifili sai ya kwanta a silinda, ka jijjiga ka ji shi cike amma babu wuta. Fankar hita tana shan batir, batir kuma yana sanyin jiki a irin wannan yanayi, don haka ka nemi masaukin da ake jona wutar lantarki. In motar dizal take sha, ka cika tanki da na lokacin sanyi.

Duk wannan asarar kuɗi ce, Bashir. Abin da ya sa na zauna rubutu iska ce. Hunturun bara wani maƙwabcinmu ya shigar da kaskon garwashi ɗaki saboda jaririnsu, ya toshe taga da tsumma, ya ja ƙofa. Da asuba ba mu gan shi a masallaci ba. Da hannuna na ɗauko babbar 'yarsa, jikinta laƙwas, ta yi amai a kan filo. Allah ya yi da sauran kwanansu a gaba, duka suka farfaɗo a asibiti. Na shiga ɗakin nan, ban ji warin komai ba. Haka iskar kabon monoksaid take, ba launi ba wari, tana kama jini mutum na barci.

Motar nan ta fi ɗakinsu ƙanƙanta. Don girman Allah kada ku kunna murhun girki don jin ɗumi, ko da hita ta mutu cikin dare. Gara ku naɗe ku nufi otal. Kafin ku bar birnin Kalgari ka danna ƙararrawar da ke gano iskar, ka ji kukanta da kunnenka. Ka bar 'yar kafa a tagar rufi, za ta kuma rage muku raɓar da numfashi ke tarawa a gilashi. In dusar ƙanƙara ta zuba, ka fita da tocila ka share bakin salansa da mafitar hayaƙin hita. Duk wanda ya ce kansa na ciwo ko yana jin jiri, ku fito waje gaba ɗaya, a nemi likita.

Awa 8 ke tsakaninmu yanzu, asubarku tana zuwa bayan azahar ɗinmu. Kowace safiya, da ka sallame salla, ka turo min saƙo ko na kalma ɗaya ne, wayata na aljihu. Hajiya na gaishe ku, ta ce a sa wa auta safa biyu da hula. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Naka,
Umaru