Sanarwa: Zaman Bita Kan Tashin Jirgi da Takardar Bincike

Assalamu alaikum ƴan'uwa ɗaliban tuƙin jirgi na nan Zariya, da fatan kowa yana lafiya.

Ana sanar da mu cewa za a yi zaman bita ranar Asabar mai zuwa, da ƙarfe 4:30 bayan sallar La'asar, a ajin da muka saba haɗuwa. Dalilin zaman shi ne, da yawa daga cikinmu sun kusa tashin farko su kaɗai, kuma an lura wasu suna karanto takardar bincike (jerin abubuwan da ake dubawa a jirgi kafin tashi) da ka maimakon su bi ta layi-layi, alhali a nan ne ake tsallake abu kamar duba mai ko gwajin magneto (na'urar da ke ba fulogogin inji wuta).

Za mu fi tsayawa kan riƙe jirgi a tsakiyar titin tashi, domin da zarar an ba inji cikakken ƙarfi, farfela takan ja hancin jirgi zuwa hagu, sai an taka fedar dama domin a daidaita hancin. Haka kuma filinmu ya haura ƙafa 2,000 daga matakin teku, ga zafin rana, waɗanda duk suke rage kaurin iska, saboda haka jirgi yakan ci titi sosai kafin ya ɗaga.

Kowa ya zo da littafin jirgin da yake koyo da takardar bincikensa, ya kuma san gudun da zai ɗaga hanci da abin da zai yi idan inji ya mutu a kan titi. Wanda ba zai samu zuwa ba ya sanar a nan kafin Juma'a.

Allah Ya tsare mu, Ya ba mu sa'a.

Naku,
Mai kula da rukuni