Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Tun da hukumarku ta hana fina-finan da ke tallata daba da daudu, wata magana ta bazu a zaure da intanet, wai duk tsohon fim ɗin da aka ga namiji da zani ko mace da kwat, makirci ne da aka ƙulla tun da daɗewa domin a lalata tarbiyya. Ban zo ja da dokarku ba. Abin da nake tsoro shi ne wannan zato ya zama ma'aunin da ake yanke hukunci da shi, alhali tarihin sinima bai goyi bayansa ba.

Mu fara da Indiya, tunda mu da muka yi layin tikiti a Plaza da El-Dorado da fina-finanta muka tashi. Lokacin da Dadasaheb Phalke ya shirya Raja Harishchandra a 1913, ya nemi macen da za ta fito a sarauniya ya rasa, domin a wancan zamani abin kunya ne mace ta tsaya gaban kyamara. Sai ya ɗauko Anna Salunke, wani saurayi mai aiki a gidan abinci, aka ɗaura masa sari. Ke nan tsananin kunya da kare mutuncin mata ne suka sa namiji shigar mata, akasin abin da masu zargi ke faɗa.

A Amurka kuwa dariya da kuɗi ne suka fi jan ragama. A Some Like It Hot na 1959, makaɗa biyu ne suka ga 'yan daba sun yi kisa a Chicago, suka yi shigar mata suka shige ƙungiyar makaɗa mata domin tsira da rai, kuma abin dariyar duka shi ne yadda shigar ta ƙi zama a jikinsu. Har a baƙi da fari aka ɗauki fim ɗin saboda kwalliyar fuskarsu ta yi muni a launi. Wanda ya taɓa ganin yarinya ta sa babbar riga da hula ta fito a miji a tashen azumi ya san irin wannan raha. Ba na musun cewa akwai masu yi da gangan, kamar fitowar Marlene Dietrich a fim ɗin Morocco na 1930, inda ta yi shigar maza ta sumbaci wata mace, amma wannan a fili aka yi shi, kuma irinsa na cikin abin da ya sa aka tsaurara dokar tace fina-finai ta Hays a 1934.

Amurkawa sun ɗanɗana kuɗar farautar ɓoyayyiyar manufa. A 1947 wani kwamitin majalisarsu ya tsare 'yan fim yana neman kwaminisanci a cikin labaransu, aka ɗaure mutum goma saboda sun ƙi amsa tambaya, wasu da yawa suka rasa abincinsu shekara da shekaru. Dalton Trumbo, ɗaya daga cikin goman, da sunan aro ya ci gaba da rubutu har ya ci kyautar Oscar. Ga shi mu an riga an gargaɗe mu cewa wani sashe na zato zunubi ne.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne hukuma ta fitar da rubutaccen bayani da zai raba fim ɗin da ke ƙawata daudu da wanda ya nuna shi domin raha ko gyara, sannan duk fim ɗin da aka dakatar a gaya wa mai shi fitowar da ta saɓa doka da mintin da take, a kuma ba shi damar kare kansa kafin a rufe fayil.

Wassalam,
Wani tsohon ɗan kallon sinima, daga Kano