Godiya ta musamman ga ofishin malaman gona kan takin nan mai rai

Assalamu alaikum. Zuwa ga shugaba da duk ma'aikatan ofishin malaman gona da ke kula da mu manoma, ranku ya daɗe. Na zaɓi in rubuto wannan a fili ne inda kowa zai gani, saboda in ofishi ya yi ba daidai ba ai ba ma yin shiru, to in ya yi abin kirki ma sai a faɗa, yabon gwani ya zama dole.

Maganar takin nan ce da kuka kawo mana, ruɓaɓɓen taki wanda aka zuba wa ƙwayoyin halitta masu rai a ciki. Kowa ma zai iya kawo buhu ya dire ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, amma ku kun tsaya kun gaya mana gaskiya a kansa, har da wadda ba ta da daɗin ji. Malaminku ya ce mana kar wanda ya sa ran ganin gona ta yi shar nan da nan kamar yadda yuriya ke yi, don ita yuriya kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne zalla, wato sinadarin da ke sa ganye yin shar, shi kuwa wannan abin da ke cikinsa na sinadarin kaɗan ne ƙwarai in aka gwada, aikinsa a jikin ƙasa yake kuma a hankali yake yi. Wallahi da ɗan talla ne da ba zai taɓa faɗin haka ba.

Abin da ba zan manta ba shi ne yadda ya tumɓuke waken soya guda ɗaya, ya kaɗe ƙasar, ya nuna mana ƴan ƙululun nan da ke jikin saiwa waɗanda da yawanmu muka ɗauka cuta ce. Ya sa farce ya fasa ɗaya, cikinsa ja-ja, ya ce to wannan alamar ƙwayoyin Rhizobium suna aiki kenan, in kuka ga cikin fari ko kore to babu abin da suke tsinanawa. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce amma shuka ba ta iya ɗauka kai tsaye, su waɗannan ƙwayoyin ne ke kamo ta su miƙa wa wake da gyaɗa da waken soya, har abin da za a shuka a wurin baɗi ma ya samu saura. Kuma ashe abin ba na yau ba ne, tun 1888 wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Beijerinck ya ware ƙwayar, a 1896 har an fara sayar da ita a Jamus. A Burazil kuwa da ita suke noman waken soyarsu kusan ba tare da takin naitirojin ba, shi ya sa ma aka bai wa wata masaniya ƴar ƙasar mai suna Mariangela Hungria babbar kyautar abinci ta duniya a 2025 kan wannan aikin.

Sai kuma batun fosfaras, wani sinadarin taki da shuka ke buƙata, wanda kuka ce da yawan wanda muke zubawa maƙalewa yake a ƙasa saiwa ba ta iya jansa, sai ƙwayoyi irin su Bacillus sun narkar da shi. Trichoderma kuma, wanda shi ma cikin ƙwayoyin yake, shi da cututtukan da ke ruɓar da saiwa yake kokawa. Sunayen dai da wuyar faɗa, ni ma sai da na sa aka rubuta min.

Inda kuka fi yi mana amfani a ganina shi ne wajen koya mana haɗa namu. Mutane da yawa ɗanyen kashin kaji ko na shanu suke kwasa su watsa a gona, ya ƙone shuka, ya kuma kawo irin ciyawa iri-iri. Kun nuna mana a jera karare da ganye da kashin dabbobi hawa-hawa, a yayyafa ruwa daidai yadda in ka matse a hannu zai dunƙule amma ba zai ɗiga ba, a rufe, a riƙa juyawa. Tsibin yakan ɗau zafi har digiri 55 zuwa 65, ka soka ƙarfe ka zaro ka ji ba ka iya riƙewa, wannan zafin ne ke kashe irin ciyawa da cututtuka. Sai ya huce, ya yi baƙi, warin ya tafi ya koma ƙamshin ƙasa, sannan ake zuba ƙwayoyin, in ka zuba da zafinsa ka dafa su kawai ka yi asara.

Kun kuma ja mana kunne cewa abu ne mai rai, ba a barin buhun a rana, ba a cakuɗa shi da maganin feshi ko na gyaran iri mai kashe cuta, a shafa wa iri a inuwa a shuka a ranar, a ƙasa mai danshi, kuma a duba ranar lalacewarsa kafin a saya. Sannan ba ku ce mu yi watsi da takin zamani ba, cewa kuka yi a haɗa su, musamman ga masara mai cin taki, a riƙa rage na zamanin sannu a hankali yadda ƙasa ke farfaɗowa. Wannan shawarar ta yi min, don masu cewa a daina NPK rana ɗaya yawancinsu ba su taɓa riƙe fartanya ba.

Ni dai a gonata ƙasar da ta ƙanƙare ta fara laushi, tsutsar ƙasan nan da ake kira tana ita ma ta dawo, ruwa yana shiga maimakon ya gudu da ƙasar sama, kuma in ruwa ya ɗan ɗauke masarar ba ta saurin naɗe ganye kamar da. Alhamdulillah.

Roƙona ranku ya daɗe, don Allah a riƙa kawo shi da wuri kafin ruwa ya sauka, a samo ƙananan leda saboda masu ƙaramar gona, a kuma rubuta ranar lalacewa ɓaro-ɓaro yadda dattijo zai gani ba sai ya nemi yaro ba. Mata masu noma ma a kira su wajen koyarwar nan, da yawansu labari kawai suke ji.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Naku,
wani ƙaramin manomi