A Riƙa Lura Da Salon Maganar Turanci Wajen Fassara Labarai

Zuwa ga Editan Labarai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin masu fassara mana labarai game da maganganun Turawa waɗanda ma'anarsu ba ta cikin kalmominsu. Galibin labarai da Turanci suke isowa, lokaci kuma a ƙure, to a nan ake yin tuntuɓe.

Wadda ta fi damuna ita ce "white elephant project", wato aikin farar giwa in an bi kalma da kalma. Da mai fassara ya ga giwa sai ya yi wuf ya ce aikin baban giwa, alhali ba abu ɗaya ba ne. Aikin baban giwa shi ne wanda aka fara ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Na Turawa kuwa ana iya kammala shi tsaf har a ƙaddamar, amma ya lashe maƙudan kuɗi, kula da shi yana ci gaba da cin wasu, amfaninsa kuma bai taka kara ya karya ba, kamar katafaren filin wasa da ba a wasa a cikinsa. Ana danganta asalin maganar da ƙasar Siyam, wato Tailan ta yau, inda ake girmama farar giwa, ba a sa ta aiki, sai dai mai ita ya yi ta ciyarwa. Idan aka musanya maganganun nan biyu, mai sauraro zai ɗauka ɗan kwangila ne ya gudu, alhali zargin ɓarnar dukiya ake yi.

Haka "tip of the iceberg", wato kan dutsen ƙanƙara mai yawo a teku, da ake mayarwa somin taɓi. Somin taɓi na nufin babban yana tafe. Dutsen ƙanƙara kuwa kusan kashi 9 cikin 10 nasa yana ƙarƙashin ruwa, wato ɓarnar ta riga ta auku, kaɗan ne kawai ya fito fili. "Lame duck", wato gurguwar agwagwa in an bi kalma da kalma, shugaba ne mai barin gado wanda maganarsa ta rage kaifi, kamar na Amurka tsakanin zaɓen Nuwamba da rantsar da magajinsa ranar 20 ga Janairu. "Landslide victory" gagarumin rinjaye ne, babu ruwansa da zaftarewar ƙasa.

Hanyar kauce wa wannan ba ta da wuya. A karanta jimlar har ƙarshe tukuna. In an ga kalmar da ba ta da hurumi a labarin, misali agwagwa a zancen siyasa, to a tsaya, salon magana ne. A duba ƙamus ƙarƙashin babban sunan da ke ciki, a nan aka fi ajiye su. Daga nan a faɗi ma'anar da Hausa miƙaƙƙiya. Kada a ɗauko karin maganarmu sai ta dace da ma'ana da kuma nauyin zancen. "Kick the bucket" mutuwa ce, amma da sigar raha, daidai da a ce wane ya sheƙa barzahu, don haka ba a faɗin ta kan mutumin da ake jimamin rasuwarsa.

Ina ba da shawara, ranka ya daɗe, a buɗe littafi ɗaya a ɗakin labarai, duk maganar da aka warware a rubuta ta da jimlar da ta zo a ciki, domin mai aikin dare ya samu abin dubawa.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Zariya