Kunnen Auta ne ya hana ni rubuto miki

Ƙawata,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya maigidan naki sarkin "gobe zan gyara"? Na san kin cika kin batse, wata biyu ba labarina. Huce, laifin kunnen Auta ne. Kin tambayi zancen zuwana, bari in fara da wannan.

Da mura abin ya soma. Kwana uku sai zazzaɓi, ya ƙi nono, da na kwantar da shi sai ihu, yana ta jan kunne. Ni da kike kira likitar gida na ce haƙori ne. Haƙorin ƙaniya! Da muka je asibiti, likita ta leƙa kunnen da 'yar fitilar nan tasu, ta ce dodon kunnen ya yi ja, ya kumbura, mugunya ta taru a bayansa, kuma duka biyun. Har iska ta ɗan hura ciki don ta ga ko dodon zai motsa, bai motsa ba. Ta ce jan kunne kaɗai ba hujja ba ce, sai an duba ciki.

Ashe akwai wani siririn bututu daga tsakiyar kunne zuwa bayan hanci. Na yara gajere ne, kuma kusan a kwance yake, da mura ta toshe shi sai ruwa ya taru, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Shi ya sa ya fi kama 'yan wata 6 zuwa shekara 2.

Abin da ya ɗaure min kai, bara da Yayansa ya yi irin wannan, farasitamol kawai aka ba mu, aka ce mu jira kwana 2 zuwa 3. Kin tuna mitar da na yi miki, wai an yi min rowar magani? To na janye. Shi shekararsa 4, kunne ɗaya, ciwon bai yi tsanani ba, irin wannan sau da yawa da kansa yake warkewa. Auta kuwa watansa 14, ga kunne biyu, ga zafin jiki ya kai digiri 39, sai likitar ta rubuta amoksisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na kwana 10, ta ja min kunne in ƙarasa ko ya warware. Kunne kan kunne, kin ji.

Af, 'yar gidan sama fa an sa rana. Da wannan dai da kike zato. Ina bin ki bashin goron albishir.

Daren farko mugunya ta zubo daga kunnen Auta kan matashi, na kusa zaucewa. Wai dodon ne ya ɗan huje, shi ya sa kukan ya lafa, kuma yakan haɗe cikin 'yan makonni. Sai dai kar ruwa ya shiga, kar in cusa auduga, kar in ɗiga abin da ba ita ta rubuta ba. Idan bayan kunnen ya kumbura, ko wuyansa ya sanƙare, ko kwana biyu ba sauƙi, mu koma da gudu.

Yanzu ya warware, amma sai na kira shi sau biyu yake waiwayowa. Ta ce ruwan kan daɗe, har wata 3, za a sake duba jinsa. Nan hankalina yake, don yanzu ne bakinsa ke buɗewa.

Ke kuma ki daina ba 'yar lelenki fida a kwance, na gan ki a hoton nan. Kuma ƙanin maigidanki ya fita waje da sigarinsa.

Ga shi ya farka. Ki gaida Hajiya.

Taki har kullum